Salansar Babur Ta Ƙi Fita: Mai, Bugu, Wuta Ko Zarto?

Duk wanda ya taɓa durƙusawa a gaban babur da sifana lamba 10 ko 12 a hannu, ya ja noti ya ji ko gezau, ya san muryar nan da ke raɗa masa cewa ya ƙara ƙarfi kaɗan. Ni na taɓa bin ta. Na zura guntun bututu a sifana don hannu ya yi tsawo, na danna, sai na ji "ƙas". Noti ya faɗo ƙasa da rabin kusar a cikinsa, sauran rabin yana binne a kan injin. Aikin da na yi wa lissafin minti 20 ya kwantar da babur kwana 3, kuma laifin nawa ne ni kaɗai.

Tun daga ranar na gane cewa abin da ake tsoron ɓatawa ba salansar ba ce kawai. Salansa kan lotsa ko ta goge, a yi haƙuri da ita. Amma kusoshin nan biyu da aka dasa a kan injin, waɗanda makanikai ke kira sitod, in ɗaya ya karye a ciki, magana ta tashi daga gyaran salansa ta koma gyaran inji. Da wannan idon zan auna kowace dabara a nan.

A ina ta maƙale?

Kafin ka zaɓi dabara, duba inda cutar take, domin wuri uku ne. Na farko bakin inji, inda noti biyu ke matse wuyan bututun hayaƙi. Na biyu dogon notin da ya rataye salansa a jikin babur, kusa da matakin fasinja. Na uku mahaɗa, inda tulun salansa ke shiga kan bututu a ɗaure shi da maɗaurin ƙarfe. Yawancin ƙananan baburan da ke titunanmu, irin su Bajaj Boxer da Haojue da Jincheng, salansarsu guda ɗaya ce daga inji har wutsiya, saboda haka matsalarsu a bakin inji take. Manyan babura su ne suka fi zuwa da mahaɗa.

Dalilin maƙalewar ba wani sihiri ba ne. Wurin nan yana kai wa ɗaruruwan digiri a zafi, ya huce, ya sake ɗauka, kullum. Tayar gaba kuma tana watsa masa ruwa da taɓo duk damina, ga ruwan wanki a kai a kai. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi cin wuri, sai ta cike ɗan sararin da ke tsakanin zaren noti da na sitod, wato layukan da noti ke bi in ana murɗa shi. A can ciki kuma, inda baƙin ƙarfe ya haɗu da alminiyam na kan inji, danshi kan haifar da wani farin gari mai riƙo kamar siminti. Tsofaffin babura masu shan mai haɗe da man inji suna da nasu ƙarin: baƙin kunkunniya da maiƙo da ke daskarewa a mahaɗa.

Ma'aunan da zan bi

Abu biyar ne. Kuɗin da dabarar za ta ci. Lokacin da babur zai yi a kwance, wanda ga ɗan acaɓa shi ma kuɗi ne. Ko mutum zai iya yi a ƙofar gida ko sai an kai wa mai sana'a. Haɗarinta ga salansa, ga kan inji, da ga mai aikin kansa. Sai na ƙarshe, wanda ake yawan mantawa: halin da za ta bar wurin a ciki, wato ko an warke ke nan ko kuwa baɗi za a sake wannan kokawa.

Jiƙawa da mai

Wannan ita ce mafi araha, kuma ita ce aka fi raina wa saboda ba ta da ban kallo. Ka fara kankare tsatsar da ke kan zaren da ya leƙo bayan noti da burushin ƙarfe, don in ba haka ba noti zai taso ya ci karo da ita ya sake cijewa. Sannan ka ɗiga mai, ka ɗan ƙwanƙwasa gefen noti, ka tafi harkarka. Ka dawo bayan awa biyu ko uku ka ƙara. In ya kwana a haka ya fi.

Wane mai? Kananzir da man dizal suna aiki saboda ruwa-ruwa ne, suna bin ƙananan kafofi. Baƙin mai na inji ya yi kauri, a waje yake tsayawa, sai dai a sirka shi da kananzir. Man birki makanikai da yawa na son sa, yana kuma ratsawa, amma yana cin fenti, don haka ka rufe duk inda zai iya ɗiga. Akwai kuma na gwangwani mai feshi. WD-40 shi ne sanannen, sai dai tun da aka ƙirƙiro shi a Amurka a 1953 an yi shi ne don korar danshi daga ƙarfe, sunan ma daga nan ya fito. Yana taimakawa, amma gwangwanin da aka yi musamman don sakin tsatsa ya fi shi a wannan aiki. Wasu kuma kan haɗa man giyar mota mai canza kanta da asiton, wato sinadarin da ake goge fentin farce da shi, rabi da rabi. Haɗin yana ratsawa sosai, amma yana kama wuta nan take, kuma asiton na tsotsewa in an bar shi a buɗe.

Yadda ake kwancewar ma rabin aikin ne. Ajiye sifana mai buɗaɗɗen baki, gefe biyu kawai take kamawa, ita ce ke mayar da kan noti kamar ƙwallo. Nemi soket, wato sifana mai kamar ƙoƙo da ke rufe kan noti, ko sifana mai zobe, in son samu ne mai kusurwa 6, wadda ta zauna daram. Fara da ɗan matsewa kaɗan, kamar za ka ɗaure, don tsatsar ta tsage, sannan ka sassauta. In ya motsa, kada murna ta sa ka zarce. Rubu'in juyi baya, ɗan juyi gaba, ƙara mai, a haka har ya fito. In ka ji ƙarfen yana yin laushi a hannunka kamar yana miƙewa, tsaya cak: sitod ne ke murɗewa, saura ƙiris ya tsinke. In kuma sitod ɗin ya fito gaba ɗaya tare da notinsa, wannan ba asara ba ce, sa'a ce.

Aibinta ɗaya ne: lokaci. Kuma in tsatsa ta riga ta narkar da noti da sitod sun zama abu guda, ko ka yi mako kana zuba mai ba za su rabu ba.

Bugu da murɗawa

Wannan ta mahaɗa ce, ba ta bakin inji ba. Bayan ka kwance maɗaurin gaba ɗaya ka ja shi gefe, za ka ga bakin tulun yana da tsaga biyu ko fiye. Sa bakin sukudireba ka ɗan buɗa su, kaɗan kawai, ka zuba mai ta nan. Sai ka ɗora guntun katako a mahaɗar kana bugun katakon, kana zagayawa. Girgizar ce ke farfasa tsatsa, ba nauyin guduma ba. Daga nan a cire notin rataya, a rungumi tulun ana murɗa shi hagu da dama ana ja baya. In hannu na zamewa, naɗa tsohon bel ko robar tayar ciki a jikin tulun, ka zura sanda ka murɗa ya kama.

Kuɗinta kusan babu, kuma takan ba da sakamako cikin rabin awa in an riga an jiƙa. Amma a nan ne salansa ta fi shan wahala. Ƙarfenta siriri ne, gudumar ƙarfe ɗaya ta bar tabon da ba ya gyaruwa. Filaya mai haƙora tana ɓare farin ƙarfen nan mai sheƙi, daga nan kuma tsatsa ta samu ƙofa. Mafi muni shi ne zura rodi ta wutsiya ana banƙarawa, domin a ciki akwai faifan ƙarfe masu rage ƙara, in suka ɓalle babur zai riƙa kacau-kacau har ranar da za a sauya salansar. Ga kuma abin da ba a lura da shi: salansa doguwa ce, duk jijjigar da ka yi a wutsiya tana ninkuwa kafin ta isa sitod. Shi ya sa ya kamata wani ya riƙe bututun gam yayin da kake murɗa tulun.

Zafi

Zafi hawa biyu ne, kuma bai kamata a haɗa su a hukunci ɗaya ba.

Hawa na farko shi ne zafin injin kansa. Tayar da babur ya yi 'yan mintuna, ka kashe, ka sa safar hannu mai kauri ka gwada. Alminiyam yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe, don haka ramin da sitod ke ciki yakan ɗan saki. Kyauta ne, haɗarinsa kuma bai wuce ƙuna a hannu ba. Ga mahaɗar da kunkunniya ta liƙe, wannan ɗumin yakan tausasa ta fiye da kowane mai.

Hawa na biyu wutar mai walda ce. A gasa notin shi kaɗai da ƙaramin harshen wuta har ya fara ja, ya buɗe, tsatsar ta farfashe, a sa soket tun yana da zafi. Babu dabarar da ta kai ta sauri. Notin da ya gagari kwana biyu na mai yakan fito a minti biyar, kuma ladan mai walda a irin wannan ɗan aiki ba ya da yawa.

To amma a dubi inda wutar take. Tankin fetur yana saman inji, tiyon mai da kafireta suna bayan kan inji, tazarar ba ta wuce tafin hannu biyu ba. Tururin fetur yana kamawa ko a tsakiyar sanyin hunturu. Rufe makunnin mai bai isa ba a ganina, a sauke tankin gaba ɗaya a kai shi nesa, noti ɗaya ko biyu ne ke riƙe da shi. A goge duk man da aka zuba a baya, a kare wayoyi da robobi da jiƙaƙƙen tsumma ko guntun langa-langa. Sannan alminiyam yana narkewa a wajen digiri 660, kuma ba ya yin ja ya gargaɗe ka kamar baƙin ƙarfe, kawai sai ka ga ya zube. Wanda ya saba gasa ƙofofi da tagogi, bai saba da inji ba, zai iya cinye maka gefen kan inji kafin ka ce wani abu. Farin ƙarfen bututu kuma in wuta ta lashe shi yakan koma shuɗi, ba ya dawowa. In baburinka na zamani ne mai na'urar auna hayaƙi a jikin bututu, a cire wayarta kafin komai.

Noti da sitod da suka sha wuta har suka yi ja sun rasa ƙwarinsu. A sauya su, kada a mayar.

Yanke noti

Wannan ita ce dabarar da nake ganin an fi yi wa rashin adalci. Mutane na jin kalmar yanka sai su ɗauka ɓarna ce, alhali a duk abin da ke wurin noti ne mafi arha. Maimakon ka murɗa shi ka saka sitod cikin haɗari, sai ka sadaukar da shi. Da guntun zarton ƙarfe ake yanka gefensa ɗaya a tsaye, a bi tsawon sitod, a tsaya dab da zare. Sai a sa cizal mai kaifi a tsagar a buga a hankali, notin ya buɗe baki ya saki. Akwai ma ɗan ƙarfen da aka ƙera don fasa noti, in wurin ya ba da sararin shigarsa.

Babu wuta, babu jira, sitod kuma ba ya jin murɗa ko kaɗan. Wahalarta ita ce matsi: wurin ƙunci ne, zarto ba ya samun zuwa da dawowa, mutum zai yi rabin awa yana gumi a kan noti ɗaya. In hannu ya zarce aka ɗan taɓa zaren, yawanci sabon noti yana bi ya wuce. Injin gurza ƙarfe yana gama aikin a daƙiƙu, amma yana feshin tartsatsi a ƙarƙashin tanki, kuma kuskure ɗaya ya yanke sitod ko wuyan salansa. Ga notin da kansa ya riga ya goge, sifana ba ta kama shi, yanka da zarto ne hanyar da ta rage mai hankali.

In sitod ya riga ya karye

Nan an wuce zaɓi, an shiga ceto. In akwai guntu a waje mai ɗan tsawo, a jiƙa shi, a ɗaura noti biyu a matse su da juna a juya na ciki, ko a kama da filaya mai kulle. In ya karye daidai da fuskar inji, gwanin mai walda yakan ɗora wasa, wato ɗan faifan ƙarfe mai rami a tsakiya, da noti a kan guntun ya liƙe su. Waldar baƙin ƙarfe ba ta kama alminiyam, zafinta kuma yana taimakawa wajen sakin guntun. A cire kan batir da akwatin wutar babur kafin a fara.

Huda ita ce ta ƙarshe. Sitod mai tauri ne, abin da ke kewaye da shi mai laushi, don haka bakin injin huda yana son zamewa ya shige alminiyam. Ƙarfen zaro karyayyar kusa da ake sayarwa shi ma in ya karye a ciki ya fi sitod tauri, an ƙara wa Barno dawaki ke nan. Wannan aikin masu injin gyaran ƙarfe ne, irin waɗanda ake samu a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, kuma sau da yawa sai an sauke kan inji an kai musu. In zaren ramin ya lalace, ko dai a saka masa zoben zare na ƙarfe ya koma girmansa, ko a faɗaɗa shi daga milimita 6 zuwa 8. Na farkon ya fi tsabta. Ko wanne aka yi, sai an sayi sabon fakin na kan inji, wato abin da ake sawa tsakanin ƙarafa biyu don toshe yoyo, ga ladan saukewa da ɗorawa.

| Dabara | Kuɗi | Lokaci | Wa zai yi | Babban haɗari | Bayan aiki |
|---|---|---|---|---|---|
| Jiƙawa da mai | Kaɗan ƙwarai | Awoyi zuwa kwana 2 | Kowa | Gajen haƙuri | Komai lafiya |
| Bugu da murɗawa | Kusan babu | Rabin awa zuwa awa 1 | Mutum biyu | Lotsa salansa | Tabo in an yi ganganci |
| Zafin inji | Babu | Mintuna | Kowa | Ƙuna a hannu | Komai lafiya |
| Wutar mai walda | Matsakaici | Mintuna | Gwani kawai | Gobara, narkar da inji | Sai an sauya noti da sitod |
| Yanke noti | Kuɗin noti | Kusan awa 1 | Mai natsuwa | Taɓa zare | Sitod na nan daram |
| Walda ko huda | Mafi tsada | Yini zuwa kwanaki | Mai sana'a | Lalata ramin | Ya danganta da hannun gwani |

Batun ɗorewa a wajen mayarwa ake yanke shi, ko da wace dabara aka cire. A ciro tsohon zoben fakin da ke cikin bakin inji, yakan ɓuya a cikin baƙi har a ɗauka babu shi, a sa sabo. A shafa wa zare man shafawa mai garin jan ƙarfe, wanda ke jure zafi, domin giris na gama-gari ƙonewa yake yi. A rataye salansar duka a sassauce tukuna, sannan a matse na bakin inji bi da bi, kaɗan nan kaɗan can, na baya ya zo ƙarshe. Sitod mai milimita 6 ba ya son ƙarfi, matsin hannu ɗaya da gajeriyar sifana ya ishe shi. Bayan tafiyar kwana biyu a sake taɓa su.

Wa ya dace da wacce?

In babur na hawan kanka ne, kana iya ajiye shi daga Juma'a zuwa Lahadi, mai da burushi da soket mai kyau sun ishe ka, ka haɗa da ɗumin inji ranar kwancewa.

In kai ɗan acaɓa ne, akwai balas da ke jiranka da yamma, ka jiƙa tun da daddare kafin ka kwanta, ka gwada da safe da ɗumin inji. In ya ƙi, kada ka tsaya kokawa, yanke notin. Awa ɗaya da kuɗin noti biyu sun fi kwana uku babu aiki.

In salansar ce abin ƙaunarka, ta asali mai sheƙi da samun irinta sai an tona, ka nisanci wuta da gudumar ƙarfe. Mai, katako, bel, da mutum na biyu mai riƙe bututu.

In tsohon babur ne da ya shekara a jingine a zaure, noti ya zama dunƙulen tsatsa ba a gane kusurwarsa, mai ba zai yi komai ba. Zarto in akwai sarari, in babu kuma wutar gwanin da ya saba da inji, bayan an sauke tanki.

In salansar ta riga ta huje za ka jefar da ita, yanke bututun da zarto ɗan nesa da inji, nauyin ya sauka, ka samu fili ka lallaɓa notin a tsanake.

In kuwa ka riga ka ji "ƙas" ɗin nan, ajiye injin huda na aro. Nemi mai waldar da ya taɓa ciro sitod daga alminiyam, ka tambaye shi yadda zai yi kafin ya kunna wuta, ka kuma cire kan batir da hannunka.